Na ɗauka sun sallama ni ne

Shekara 31 na yi ina jan babbar mota tsakanin Kano da Legas. Da yaron mota na fara, ina ɗan shekara 17, a hannun wani kawuna, kuma a shekarar na fara shan taba. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya min. Direba ne zai miƙo maka kara ya ce ka kunno masa, kafin ta kai hannunsa ka zuƙa sau biyu. Da na kama sitiyari da kaina, idan barci ya fara fizgata tsakanin Mokwa da Jebba da tsakar dare, taba da goro da baƙin shayi su ne abokan hirata. Na kai ina tashi da kwali guda a rana. A 2014 na daina, bayan babbar 'yata ta ƙi karɓar rigata ta wanke, ta ce warinta na sa ta amai. Na ji kunya sosai, na jefar da ragowar kwalin a kwata. Na ɗauka ni da taba mun rabu ke nan, babu bashi a tsakaninmu.

Tari ya kama ni a ƙarshen hunturun 2022. Na ce ƙura ce. Na sha maganin tari na kemis, na sha citta da zuma, maman yara ta dafa min ganye iri-iri. Wata biyu ba sauƙi, ga zufa da dare, ga wandona ya fara zamewa daga ƙugu. Ranar da na ga jirwayen jini a majina a wani gidan mai kusa da Ilori, ban gaya wa yaron motata ba. Na tura ƙasa da ƙafa na rufe wurin, na hau mota.

A asibitin da na fara zuwa an gwada majina, ba a ga ƙwayar tarin fuka ba. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ga wani farin dabbare a saman huhun dama. Ma'aikacin ya ɗaga hoton a jikin taga, ya ce, "Alhaji, wannan ai tibi ne, wani lokaci ba ya fitowa a majina." Aka ɗora ni kan maganin wata shida, wanda ake bayarwa kyauta. Fitsarina ya koma ja kamar an jiƙa zoɓo, suka ce haka maganin yake. Aka ware min kwano da kofi a gida. Na yi wata huɗu ina haɗiyar ƙwayoyin nan ba fashi, ina ƙara ramewa. Daga kilo 82 na dawo 63.

Ban riƙe mutumin nan a zuciya ba. A ƙasarmu idan mutum ya zo da tari da rama da jini, tarin fuka ne a gaba, kuma sau da yawa shi ɗin ne. Abin da ya fi damuna shi ne ni kaina na ga maganin ba ya aiki tun wata na biyu, na yi shiru, don ina ganin rashin kunya ne in koma in ce wa mai ilimi aikinsa bai ci ba. Wanda duk yake shan maganin tibi ya yi wata biyu jikinsa na ƙara lalacewa, musamman idan ya taɓa shan taba, ya koma ya buɗe baki. Wata huɗun nan da na zubar har yau ina lissafa su.

'Yata ce ta matsa aka yi hoton siti, wanda ake shigar da mutum cikin na'ura mai kama da bakin rijiya. Daga nan aka soka allura ta bayan haƙarƙari aka gutsuro ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Sati uku muna jira. Likitan da ya karanta mana sakamakon bai yi kwana-kwana ba. Ya ce kansar huhu ce, irin wadda ta fi yawa, wadda ƙwayoyinta ba ƙanana ba ne, kuma tana mataki na uku. Ya zana min ƙirji a bayan takarda: ga ƙullutun a nan, ga kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji ta kama, amma hanta da ƙashi da ƙwaƙwalwa ba a ga komai ba. Tiyata ba za ta yiwu ba saboda inda ta kai. Abin da ya rage shi ne kemo, wato maganin kansa mai ƙarfi da ake ɗura wa jiki, da gashi, wato harba wa ƙullutun haske mai ƙarfi daga na'ura.

Na ce, "Likita, ana warkewa?"

Ya ce, "Wasu na warkewa, Alhaji. Ba mafi yawa ba. Amma da niyyar warkarwa za mu yi, ba da niyyar rage zafi kawai ba."

Wannan maganar ita na riƙe na fito da ita. Ku tuna da ita, don a kanta ne hankalina ya tashi daga baya.

Ya bayyana mana cewa abin da ya fi ƙarfi shi ne a haɗa kemo da gashi lokaci guda, amma sai mai sauran jiki. Ni kuwa ga rama, ga ciwon suga da na daɗe da shi ya ɗan taɓa min ƙoda. Don haka za a yi min kemo tukuna, sau huɗu, duk bayan sati uku, sannan gashi ya biyo baya. Na sayar da filina na bayan gari. Ba zan daɗe a kan kemo ba, duk wanda ya yi ya sani: gashin kai ya zube, abinci ya koma kamar ana tauna kwali, tafin ƙafa na yi min kamar ina taka ƙaya. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairun 2023 aka gama. Ƙullutun ya ɗan ragu, tarin ya lafa.

Sai maganar gashi. Na'urorin gashi a Najeriya ba su da yawa, kuma wadda ta fi kusa da mu lokacin ta lalace, ba wanda ya san ranar gyara. Likita ya ce bai kamata a bar tazara mai tsawo tsakanin kemo da gashi ba. Na ce to Legas, ai garin da na sani ne kamar tafin hannuna. Wani tsohon yaron motata, wanda yanzu yake da motocinsa biyu, yana zaune a Agege da iyalinsa. Ya ce, "Oga, ɗakin baƙi naka ne har ranar da ka gaji." Muka tafi ni da 'yata, ta bar ɗanta mai shekara biyu wurin kakarsa. Karo na farko a rayuwata da na shiga Legas a kujerar fasinja.

A layin jiran ganin likita na zauna kusa da wani dattijo ɗan Bidda mai ciwo a wuya, yana jin Hausa. Ya ce shi sau 33 aka rubuta masa. Wata mata ta ce mijinta 30. Tun a Kano ma abin da na ji ke nan, sati shida, Litinin zuwa Juma'a. Da kuɗin sati shida muka yi lissafi, kuma lissafin bai cika ba, mun dai taho ne da fatan Allah zai kawo cikon.

Likitar mace ce, Bayarabiya, ta yi hidimar ƙasa a Sakkwato, tana da 'yar Hausarta. Ta duba hotuna ta daɗe, ta sa na hura wani bututu don a auna ƙarfin huhuna, sannan ta ce, "Baba, sau 20 za mu yi maka. Sati huɗu."

'Yata ta yi hamdala. Ni kuwa cikina ya ɗuri ruwa. Ban ce komai ba har muka fito.

Daren nan ban runtsa ba. A sana'armu idan inji ya gama yawo, bakanike ba ya ce maka ya mutu. Sai ya ce, "Bari in lallaɓa maka ita ta kai gida." Ya ɗaure nan da waya, ya toshe can da sabulu, ya karɓi kuɗi kaɗan, kai ma ka san abin da ake nufi. To abin da na ji a maganar likitar ke nan. Kowa 30, ni 20. Ko dai ta ga abin da na Kano bai gani ba, ta ga ba amfanin a wahalar da tsoho, ko kuma ta dubi silifas ɗina ta yanka min magani daidai aljihuna. Ina kwance ina jin jiniyar jirgin ƙasa, ina lissafin bashin da ake bina da wanda nake bi, da wanda zan bar wa amanar yara. Har wasiyya na fara tsarawa a kaina. Da asuba na ce wa 'yata mu koma Kano, in mutuwa ce gara ta same ni a ɗakina.

Ta ce, "Baba, ka yi wata huɗu kana shan maganin da ba naka ba don ka ƙi tambaya. Yau kam sai ka tambaya."

Maganar ta yi min zafi, don gaskiya ce.

Muka koma ba ranar ganin likita ba, muka jira har ta sallami kowa. Na ce, "Likita, ki gaya min tsakaninki da Allah. Kin rage min ne don kin ga ba zan tashi ba?" Sai da 'yata ta maimaita mata da Turanci. Ta ajiye biro, ta jawo kujerarta kusa da ni. Ta ce laifinta ne da ba ta yi bayani tun jiya ba.

Ta ɗauko takarda. Ta ce hasken da na'urar ke harbawa ana auna shi da wani ma'auni da suke kira gire. Tsarin da aka fi sani shi ne gire 2 kullum, sau 30, ya tashi 60 cikin sati shida. Nawa kuwa gire 2.75 ne kullum, sau 20, ya tashi 55 cikin sati huɗu. Na ce, "To ai ga shi nan, 55 bai kai 60 ba." Ta yi dariya, ta ce lissafin kasuwa ba ya aiki a nan. Idan kason rana ya fi girma, dukan da yake yi wa ƙwayar cutar ya fi abin da jimillar ke nunawa. Sannan akwai maganar lokaci: kansar huhu irin tawa, idan gashi ya ja ya wuce sati uku zuwa huɗu, ƙwayoyin da suka tsira sukan fara hayayyafa da sauri, ana kashewa suna cikewa. Gama aikin da wuri yana rage musu wannan damar. Ta ce a Ingila sun daɗe suna amfani da tsarin sau 20 ɗin nan ga masu ciwo irin nawa, ba don talauci ba, har ma akwai wani tsarin da suka gwada can na gashi sau uku a rana, kwana 12 a jere ba hutun Asabar da Lahadi, wanda ya fi na sati shida sakamako, sai dai wahalar shirya shi ta hana shi yaɗuwa. Lokacin korona a 2020 kuma asibitoci da dama sun koma gajeren tsari don rage zirga-zirgar marasa lafiya.

Sai ta faɗi abin da ya kwance min ƙullin. Ta ce abin da nake tsoro akwai shi. Akwai gashin da ake yi don a rage zafi ko a tsayar da jini kawai, idan cuta ta bazu: sau 5, ko sau 10, wani lokaci sau ɗaya ko biyu, kuma jimillarsa ba ta wuce gire 20 ko 30. "Da shi zan yi maka, Baba, da na gaya maka. Naka na yaƙi ne."

Ba ta ɓoye min ɗaya gefen ba. Babban kaso yana dukan cuta, yana kuma dukan naman lafiya da ke kusa: sauran huhun, hanyar abinci, zuciya, da lakar gadon baya. Shi ya sa ba kowa ake yi wa ba. Sai an ɗauki hoton shiri, an zana a kwamfuta an ga nawa kowanne zai sha. Ta ce idan lissafin ya nuna huhuna mai lafiya zai sha fiye da ƙima, za ta mayar da ni sau 30, kuma kada in ce ta canja magana.

Daga baya 'yata, da ba ta rabuwa da waya, ta karanto min wani bincike da aka wallafa a 2021 daga jihar Texas ta Amurka, inda aka kwatanta gire 60 a sau 15 da gire 60 a sau 30 ga marasa lafiyar da ba za su iya haɗa kemo da gashi ba. Gajeren bai fi dogon tsawaita rai ba, ba a kuma ga wani bambanci mai girma a tsakaninsu ba. Na ce mata ni wannan ya ishe ni. Ban zo neman abin da ya fi na kowa ba, tsorona kada a ba ni ragowa.

Ranar shiri aka kwantar da ni rigingine, hannuwa biyu sama da kai ina riƙe da wasu ƙarafa. Aka ɗauki hoto, sannan wani saurayi ya ɗiga min tawada da tsinin allura wuri uku, ɗaya a tsakiyar ƙirji, biyu a gefuna, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Da su ake saita mutum kullum don hasken ya faɗa inda aka auna. Na tambaye shi ko za su hana alwala ko wanka, ya ce a'a, kada dai in goge wurin da soso mai kaushi.

Litinin 20 ga Fabrairu aka fara. Sunan gashi ya sa na zaci zan ji wuta. Ba abin da na ji. Ɗaki ne mai sanyi kamar firji, ƙofarsa ta fi ta banki kauri. Su saita ka, su fita, su bar ka kai kaɗai, na'urar ta riƙa kewaya ka tana ƙara kamar injin ɗinki a ɗaki na uku. Ana ganinka ta kyamara, ana yi maka magana ta lasifika. Duka-duka minti goma zuwa sha biyar, hasken kansa bai fi 'yan mintuna ba. Nakan karanta Ƙulhuwallahu a zuci, ina ƙirgawa, don kada in yi tari in motsa. Wahalar ba a ɗakin take ba, a hanya take.

Wanda ya zauna a Najeriya a watan nan ya san abin da nake nufi. Lokacin canjin kuɗi ne, takardar naira ta ɓace, mutane na kwana a bakin na'urar cirar kuɗi, ga zaɓen shugaban ƙasa ranar Asabar 25 ga wata. Kana da kuɗi a asusu, kwandastan danfo, motar hayar Legas, ba ya karɓar tiransifa. Mukan fito daga Agege bayan sallar asuba don mu riga cunkoso. Ranar gashi na bakwai muka wayi gari ba ko naira ɗari a hannu, mai masaukina ya yi tafiya, masu POS sun rufe. Likitar ta riga ta ja min kunne cewa a gajeren tsari kowace rana nauyinta ya fi, kada in kuskura in tsallake. Muka tsaya a bakin titi kusan awa guda. Sai ga wata tirela ta rage gudu saboda rami, na ga rubutun bayanta da lambar Kano. Na ɗaga hannu irin yadda muke yi wa juna. Yaro ne matashi, bai san ni ba, amma da na faɗi garejinmu da sunan maigidansa na da, sai ya ce, "Baba, hau." Sai da shi da 'yata suka turo ni, ni da nake haye wannan matakala da tsalle ɗaya. Ya kauce hanyarsa ya ajiye mu inda za mu iya ƙarasawa da ƙafa. Na shiga ɗakin gashi ina warin gas, ma'aikatan suna ta yi min tsiya.

A nan na fara gane me sati biyun da aka rage suke nufi ga irinmu. Kwana goma ne na kuɗin mota, na abinci, na zama a ɗakin mutum kana jin matarsa na rage wa yaranta nama don a sa maka a miya. Dattijon nan ɗan Bidda, a sati na biyar kuɗinsa ya ƙare, ya tafi gida nemo ciko. Ban san ko ya dawo ba. Nasa ciwon daban ne, ba a yi masa irin lissafina, amma na san da sati shida aka yanka min, da wuya in kai.

A tsakiyar sati na uku maƙoshi ya fara. Da farko kamar tuwo ya tsaya a ƙirji, daga baya ko ruwa na haɗiya sai na runtse ido. Hasken ne ya ƙona hanyar abinci, kamar yadda aka gaya min. Aka ba ni wani maganin ruwa mai sa wurin ya mutu, in sha kafin abinci. Na koma kunun gyaɗa mai ɗumi-ɗumi, da fura da nono an dama ta ruwa-ruwa ba yaji, da ƙwai, ana yi ana auna suga. Yaji da shayi mai zafi na yi sallama da su. Ga wata gajiya da ban taɓa sanin irinta ba, ko a zamanin da nake kwana biyu a kan sitiyari. Fatar bayana ta yi duhu daidai inda hasken ke fita. Matar mai masaukina da farko tana hana yaranta zama kusa da ni, wai kada hasken ya taɓa su, sai da ma'aikaciyar jinya ta yi mata bayani ta waya cewa ba abin da ke biyo mutum gida, da an kashe na'ura shi ke nan.

Juma'a 17 ga Maris aka yi na ashirin. Washegari zaɓen gwamnoni, muka zauna a gida, Litinin muka kama hanya. Azumi ya kama ranar Alhamis 23 ga wata ina ɗakina a Kano. Ban yi azumin ba. Maƙoshin ma sai bayan an gama ya fi tsanani, kusan sati biyu, abin da da ba a faɗa min tun farko ba da na ce cutar ce ta dawo. Malamin unguwarmu ya ce in sha, in rama idan na samu lafiya. Na ji nauyin cin abinci da rana a gaban jikokina, amma na ci.

Wata biyu da rabi bayan haka sai ga busasshen tari da haki da ɗan zazzaɓi. Nan ma zuciyata ta yanke. Aka yi hoto, likitan Kano ya ce huhun ne ya kumbura saboda gashin, yakan faru daga wata ɗaya zuwa shida. Ya ba ni ƙwayoyin da na sha na wasu makonni ana rage su a hankali, sai dai sun hargitsa min suga har sai da aka ƙara min allura. An yi min maganar wani sabon magani mai ƙarfafa garkuwar jiki da ake bai wa wasu tsawon shekara bayan gashi. Da aka faɗi kuɗinsa, ni da 'yata muka dubi juna, ba wanda ya sake tayar da zancen.

Yanzu ba na tuƙi. Ina zama a gareji ina rubuta lodi, ina raba rigimar direbobi da masu kaya. Nauyina ya dawo 74. Idan na hau bene hawa ɗaya sai na tsaya na huta, kuma a hoto akwai tabo a saman huhun dama wanda suka ce zai zauna har abada. Likita bai taɓa ce min na warke ba, ni ma ban ce ya faɗa ba. Abin da yake cewa shi ne, "Ba sabon abu, Alhaji," sai ya rubuta min ranar dawowa bayan wata shida. Sati guda kafin kowane hoto ba na barcin kirki, maman yara ta gane, ta daina tambayata me ke damuna.

Yaran gareji sun san labarin ɗigon nan uku. Rannan wani direba da ba ya rabuwa da taba, wanda na ji yana wani tari tun kafin Sallah, ya zo karɓar takardar lodi. Na riƙe takardar, na ɗaga riga na nuna masa na tsakiyar. Ya ce, "Oga, wannan ɗan abin?" Na ce shi. Na tambaye shi wata nawa ke nan yana tarin, ya ce uku. Na ce motar ba za ta fita ba sai ya kawo min hoton ƙirji. Ya tafi yana gunaguni, ya bar makullin a kan teburina.